Tarin fuka da HIV a jiki ɗaya: lamarin wani tela a Katsina da batun bututan da ke tsakanin sel

Majiyyacin da wannan nazari ya shafa magidanci ne ɗan shekara 36, tela a cikin birnin Katsina, yana da mata ɗaya da 'ya'ya uku, da yara masu koyon ɗinki a shagonsa. Na sakaya sunansa da unguwarsa, na kuma sauya duk wani bayani da zai sa a gane shi. Abin da ya sa lamarinsa ya cancanci rubutu shi ne gardamar da ta tashi a cikin danginsa kan maganin da aka ɗora shi a kai. Gardamar ta ja mu zuwa wani fannin kimiyya da ba kasafai yake shigowa ɗakin duba marasa lafiya ba, wato yadda ƙwayar bairos kan iya tsallakawa daga sel zuwa sel ta wasu siraran bututai ba tare da ta fito fili ba. Sel su ne ƙananan ƙwayoyin halittar da aka gina jikin mutum da su, irin waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ɗakin gwaji.

Yadda ya zo

Tari ya fara masa tun kafin azumi. Duk wanda ya san tela ya san ba shi da lokacin kansa daga farkon Ramadan har daren Sallah, don haka ya riƙa aika yaro kemis. Ya sha maganin tari, ya sha na maleriya, aka ce taifot ce ya sha nata. Zazzaɓin yamma bai tafi ba, gumi yana jiƙa masa riga da dare, abinci ya fita daga ransa. Ramar da yake yi kuwa aka ɗora ta a kan azumi da rashin barci. Sai bayan Sallah, da numfashi ya fara gagararsa in ya taka 'yar tafiya, kuma gefen ƙirjinsa na dama yana sukarsa in ya ja iska, yayansa ya ɗauko shi zuwa asibiti.

Hoton ƙirji ya nuna ruwa ya taru a tsakanin huhun dama da bangon ƙirji, ga kuma tabo a saman huhun. Aka zuƙe ruwan da allura don ya samu sararin numfashi, ruwa mai launin rawaya-rawaya. Aka karɓi kakinsa aka sa a na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun 2010, kuma take bayar da sakamako cikin kamar awa biyu. Ta nuna tarin fuka, irin wanda bai bijire wa maganin rifampicin ba. Wannan labari ne mai daɗi a cikin mara daɗi, domin yana nufin maganin wata shida zai wadatar.

Ƙa'ida ce a yi wa duk mai tarin fuka gwajin HIV bayan an yi masa bayani ya amince. An yi, ya nuna yana ɗauke da ita, aka maimaita don tabbatarwa. Bai taɓa yin gwajin ba a rayuwarsa. Katsina na cikin jihohin da cutar ta fi ƙaranci. Babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kimanin kashi 1.4 cikin ɗari na manya ne ke ɗauke da ita, yankin Arewa maso Yamma kuma kashi 0.6. Ƙarancin alheri ne, amma yana da nasa lahanin: ba wanda ke kawo wa ransa ita, har da wasu ma'aikatan lafiya, sai mutum ya zo a makare. Ƙididdigar sel ɗinsa na CD4, waɗanda su ne jagororin garkuwar jiki, ta yi ƙasa da 200, alhali mai lafiya kan kai 500 zuwa 1,500. Wato cutar ta daɗe tana cin sa a ɓoye.

Ba ya ciwon kai mai tsanani, wuyansa bai sanƙare ba, hankalinsa daidai. An duba wannan da gangan, domin da tarin ya kai ga rigar ƙwaƙwalwa da tsarin maganin ya sauya.

Maganin da aka tsara, da inda aka samu cikas

A ranar aka fara masa maganin tarin fuka: wata biyu na haɗin isoniazid da rifampicin da pyrazinamide da ethambutol, sannan wata huɗu na biyun farko. Aka haɗa masa da Septrin don kare shi daga wasu cututtukan da ke far wa mai raunin garkuwa, da bitamin B6 saboda jijiyoyin ƙafa. Aka gaya masa fitsarinsa zai yi ja, kada ya tsorata, rifampicin ne. Aka kuma sanar da shi cewa kafin mako biyu su cika za a fara masa maganin HIV, ƙwaya ɗaya mai haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir, tare da ƙarin dolutegravir miligiram 50 bayan awa 12, saboda rifampicin yana sa hanta ta yi saurin kawar da shi daga jini. Magungunan biyu duk kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Shi da kansa ya nemi a gaya wa yayansa, domin shi ne uba a gidansu, shi ke ɗauke da kuɗin mota da na hoto. Yayan ya karɓi maganar da dattako, bai tsangwame shi ba. Amma da ya ga tarin ƙwayoyin da ƙanensa ke haɗiya kowace safiya, ga amai ga kasala, sai ya dawo.

Ya ce, “Likita, mi zai hana a bari shi gama da tarin nan tukuna? Mutum ba ya ko iya tsayuwa sallah, a ƙara mashi wani magani? In ya warware sai a kama ɗayan.”

Maganar mai hankali ce, kuma likitocin duniya sun taɓa yin irin wannan tunani. Na yi masa alkawarin za mu zauna. Ranar zaman sai ya zo da autansu, ɗalibi mai karatun ilimin ƙananan halittu a jami'a, wanda shi ma an shigar da shi cikin sirrin. Shi kuma da wata damuwa ya zo. Ya karanta a waya cewa masana sun gano HIV tana bin wasu bututai daga sel zuwa sel, inda garkuwar jiki ba ta ganinta.

Ya ce, “Malam, in dai tana da hanyar da ba a iya tare ta, to maganin nan wahala kawai za a ba Yaya.”

Na ji tsoron wannan magana fiye da ta farko. Rabinta gaskiya ne, kuma daga bakin mai ilimin gidan ta fito. Irinta ce ke kai iyali ga mai lasifika a bakin kasuwa, wanda zai ce nasa jiƙon yana shiga inda na asibiti ba ya kaiwa.

Abin da aka gano game da bututan

Hanyar da aka daɗe da sani ita ce bairos ta shiga sel, ta tilasta masa buga mata dubban kwafi, kwafin su fito cikin jini ko ruwan da ke tsakanin sel, su yi ta yawo har su samu wani sel mai irin ƙofar da suke iya buɗewa. A wannan yawo ne garkuwar jiki ke samun damarsu. Sinadaran garkuwa da ake kira antibodi suna manne wa bairos ɗin da ke fili, su hana ta kama sabon sel. Galibin allurar rigakafi a kan wannan ta dogara.

A 2004 wasu masu bincike a Heidelberg ta Jamus, Amin Rustom da Hans-Hermann Gerdes da abokan aikinsu, suka wallafa a mujallar Science cewa sun ga wasu zarurruka miƙe tsakanin sel-sel na ɓera da suke raino a faranti. Kaurinsu nanomita 50 zuwa 200, wato sai an jera ɗaruruwansu kafin su kai kaurin gashin kai guda, tsawonsu kuwa ya kan ninka faɗin sel sau da yawa. Ba sa kwanciya a ƙasan farantin, a rataye suke kamar an ɗaure. Ƙashin bayansu wani furotin ne mai suna aktin, fatar sel ta lulluɓe shi. Abin da ya girgiza masana shi ne an ga kayan cikin wannan sel suna tafiya ta ciki zuwa wancan. Dalilin da ya sa aka yi shekaru ana kallon sel ba a lura da su ba kuwa shi ne rauninsu: girgiza faranti, ko haske mai ƙarfi, ko sinadaran da ake daskarar da sel da su kafin a duba, duk suna tsinka su.

A tsofaffin unguwanninmu akan huda 'yar ƙofa a jikin katanga tsakanin gida da gida, mata su riƙa miƙa wa juna wuta da cefane ba sai sun bi ta zaure ba. Wanda ke zaune a ƙofar gida yana lura da masu shige da fice ba zai san abin da ya wuce ta nan ba. Matsayin antibodi ke nan game da waɗannan bututai.

Kuma don alheri jiki yake yin su. An ga sel mai lafiya yana tura wa maƙwabcinsa da ya jigata mitokondiriya, wato 'yan injinan da ke samar wa sel ƙarfi, har ya farfaɗo. An ga saƙon sinadarai da na lantarki yana bi ta ciki. A 2008 an gan su a cikin idon ɓera, a 2020 kuma masu bincike a Kanada suka nuna irinsu suna haɗa sel-sel ɗin da ke daidaita gudun jini a bayan idon ɓera mai rai. Saboda haka ba abin cikin faranti kaɗai ba ne.

Sai dai duk hanyar da ta buɗe, cuta na iya binta. A 2008 Stefanie Sowinski da Daniel Davis na Kwalejin Imperial da ke Landan suka nuna cewa sel-sel na garkuwa da ake kira T, in sun haɗu suka rabu, sukan bar zare a tsakaninsu, kuma HIV tana bin zaren daga mai ɗauke da ita zuwa mai lafiya. Bayan shekara guda ɗakin binciken Chiara Zurzolo a Cibiyar Pasteur ta Faransa ya nuna gurɓataccen furotin ɗin da ke jawo irin ciwon haukan shanu yana bin wannan hanya zuwa sel-sel na jijiya. An ga bairos ɗin mura mai tsanani tana ci gaba da yaɗuwa a faranti duk da an zuba antibodi da maganin oseltamivir, wanda aikinsa hana sababbin kwafi ɓallewa daga jikin sel. A 2022 ɗakin binciken Zurzolo ya sake nuna cewa bairos ɗin korona tana iya isa ga wasu sel-sel na jijiya da ba sa kamuwa in an zuba musu ita kai tsaye, matuƙar an raine su tare da sel-sel masu ɗauke da ita, har aka ɗauki hoton ƙwayoyin a kan bututan da cikinsu. An kuma nuna cewa HIV ba jira take ta tarar da bututu ba, wani furotin nata mai suna Nef yana ingiza sel ya ƙara fitar da su.

Manomanmu sun ɗanɗana makamancin wannan tun kafin a san shi a jikin mutum. Sel-sel na tsiro suna da ƙananan kafofi a bangonsu da ke haɗa su, kuma ta nan bairos ɗin tsiro ke mamaye ganye, har da wadda ta halaka gyaɗa a arewacin Najeriya a 1975.

Akwai iyakar da na ga wajibi in nuna wa ɗalibin, tunda shi ma hanyar bincike ya ɗauka. Mafi yawan wannan shaida daga faranti ta fito, kaɗan daga dabbobi. Ba duk bututan ne a buɗe daga baki zuwa baki ba. Waɗanda Sowinski ta gani a sel-sel na T suna da mahaɗa a tsakiya, kuma sai da sel mai karɓa ya kasance yana da ƙofar CD4, wato furotin ɗin da ke jikinsa wanda HIV ke kamawa, sannan ta iya shiga. Wani lokaci a bayan bututun ƙwayar ke tafiya, ba a cikinsa ba. Masana har yau ba su daidaita kan wane zare ne ya cancanci a kira shi bututu ba, kuma babu na'urar da ke auna kaso nawa na yaɗuwar HIV a jikin mutum mai rai ke bi ta nan. Ba kuma ita kaɗai ce hanyar sel zuwa sel ba, akwai wadda sel biyu ke manne wa juna kai tsaye, ita ma an bayyana ta a 2004.

Inda tarin fuka ya shigo

Tun shekarun 1990 likitoci suka lura cewa in tarin fuka ya tashi a jikin mai HIV, yawan bairos a jininsa yana hauhawa, kuma ya fi yawa a inda tarin yake, a ɓangaren huhun da ya kamu da cikin ruwan da ke taruwa a ƙirji. An san HIV tana raunana garkuwa tarin ya samu shiga. An kuma ga tarin yana rama mata alherin. Ta yaya, shi ne aka daɗe ana nema, kuma an samu amsoshi fiye da ɗaya.

Ɗaya daga ciki ta fito a 2019 a mujallar Cell Reports, aikin haɗin gwiwa tsakanin masu bincike na Toulouse a Faransa da na Buenos Aires a Ajantina. Sun yi aiki a kan makrofaj, wato manyan sel-sel na garkuwa masu haɗiye ƙwayoyin cuta. A cikinsu ƙwayar tarin fuka ke zama, kuma HIV ma tana kama su. Suka raini waɗannan sel a cikin ruwan da aka zuƙo daga ƙirjin masu tarin fuka, irin wanda muka zuƙe wa telan nan, sannan suka sa musu HIV. Sel-sel ɗin suka fitar da bututai fiye da kima, suka haɗe da juna, bairos ta yaɗu ta ninka. Suka bi sawu suka gano wani sinadarin jiki mai suna IL-10 ne ke jawo haka. Aikinsa na asali kwantar da kumburi, kuma jiki yana yawaita shi a lokacin tarin fuka. Da suka sa sinadarin da ke hana bututan fitowa, sai ƙarin yaɗuwar ya ragu. Sun kuma ga zarurruka masu kama da su a huhun biran da ke ɗauke da cututtukan biyu.

Wannan ne ya sa na ɗauki binciken da muhimmanci a kan majiyyacinmu. Ba mu ga bututu ko ɗaya a jikinsa ba, ba asibitin da ke duba wannan ga mara lafiya. Amma yanayin da aka kwaikwaya a ɗakin gwajin shi ne ainihin yanayin ƙirjinsa. In abin da suka gani yana faruwa a jikin mutum, to duk watan da aka bar HIV ba magani ana jiran tari ya warke, wata ne da tarin ke share mata hanya. Ita kuma tana ci gaba da kashe sel-sel ɗin da ake buƙata don a ci ƙarfin tarin.

Ko da an ajiye batun bututu gefe, an riga an gwada shawarar yayan a kan mutane. A Durban ta Afirka ta Kudu, binciken da Salim Abdool Karim ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2010, ya kwatanta waɗanda aka haɗa musu magungunan biyu da waɗanda aka jira suka gama na tari. Haɗawar ta rage mutuwa da kashi 56 cikin ɗari, har aka dakatar da ɓangaren jiran tun kafin a kammala binciken. A Kambodiya, cikin masu garkuwar da ta yi ƙasa sosai, kashi 18 cikin ɗari ne suka rasu a cikin waɗanda aka fara wa maganin HIV a mako na biyu, kashi 27 a cikin waɗanda aka jira mako takwas. A kan irin wannan shaida Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a 2021 cewa a fara cikin mako biyu ko nawa ne CD4, sai in tarin ya shafi rigar ƙwaƙwalwa.

Na gaya wa yayan haka ba tare da yawan lissafi ba. Na ce, “Alhaji, abin da ka faɗa an gwada shi a wata ƙasa, aka ga waɗanda aka jira da su sun fi rasuwa. Ciwon nan biyu taimakon juna suke yi, ba za su tsaya su jira mu ba.”

Amsar tambayar ɗalibin

Kuskurensa guda ne: ya haɗa antibodi da magani a waje ɗaya. Antibodi a wajen sel yake aiki, don haka bututu na iya kauce masa. Magungunan da aka ba yayansa kuwa a cikin sel suke aiki. Ko ta wace hanya HIV ta iso, dole ta yi abu biyu kafin ta hayayyafa. Sai ta juya saƙon halittarta zuwa DNA, wato sinadarin da sel ke ajiye nasa saƙon halittar a ciki, sannan ta dasa shi a cikin DNA ɗin sel. Tenofovir da lamivudine suna katse na farko, dolutegravir yana hana na biyu. Ƙwayar da ta bi ta bututu ta shigo sel ɗin da ya riga ya sha magani, a can ciki za ta tarar da shi.

Ban ɓoye masa inda ake da damuwa ba. In bairos ta tsallaka daga sel zuwa sel, da yawa take shiga a lokaci guda, ba ɗaya-ɗaya ba. A 2011 Alex Sigal, a ɗakin binciken David Baltimore a Amurka, ya nuna cewa a irin wannan yanayi magani guda ɗaya kan yi rauni, domin cikin kwafi masu yawa wani zai kuɓuta. Bayan shekara uku masu bincike a Jami'ar Yale suka nuna cewa in an haɗa magungunan kamar yadda ake ba marasa lafiya, suna tare wannan hanya ma. A ganina darasin da ke cikin wannan kishiyar abin da ya ɗauka ne. Tunda ƙwayar na iya zuwa da yawa, maganin da aka sha rabi, ko aka tsallake kwana, ko aka manta ƙarin dolutegravir na yamma, shi ne zai ba ta dama. Cikakken magani a kan lokaci yana riƙe ta.

Ya tambaya ko ba za a samu maganin da zai tsinke bututan ba. Ana nema. Matsalar ita ce aktin ɗin da aka gina su da shi yana cikin kusan kowane sel na jiki, da shi fararen ƙwayoyin jini ke tafiya, da shi sel ke rabuwa biyu. Sinadaran da ake rushe shi da su a ɗakin gwaji guba ne ga mutum. Kuma bututan suna da aikin alheri da ba a so a yanke. Babu wani magani a asibiti ko a kasuwa a yau da aka tabbatar yana toshe su, duk wanda ya ce yana da shi yaudara yake yi.

Ɗalibin ne ya juya ya yi wa yayansu bayani da irin maganar gidansu, ya fi ni iyawa. Shi aka rubuta a kati a matsayin mai lura da shan maganin, ya sa ƙararrawa biyu a wayarsa, ta safe da ta dare.

Abin da ya biyo baya

An fara maganin HIV a cikin mako na biyu. Bayan kamar mako biyu da farawa zazzaɓi ya dawo, kaluluwa ta fito masa a wuya, tari ya ƙaru. Mun riga mun gargaɗe su cewa hakan na iya faruwa. In garkuwa ta fara farfaɗowa takan far wa ƙwayoyin tarin da ta daɗe ba ta iya yaƙa ba, kumburi ya tashi, kuma ya fi samun waɗanda CD4 ɗinsu ya yi ƙasa. Duk da gargaɗin, yayan ya zo a fusace, yana ganin abin da ya ji tsoro ne ya faru. Aka sake hoton ƙirji, aka duba hanta, aka tabbatar ba wata sabuwar cuta ba ce kuma ba a tsallake magani ba. Aka ɗora shi a kan prednisolone, maganin kwantar da kumburi, na 'yan makonni, ba a dakatar da ko ɗaya daga cikin magungunan ba. Da ba a yi wancan zama ba, ina da yaƙinin a nan za mu rasa shi, domin a daidai wannan gaɓa iyalai da yawa ke ɗauke mara lafiyarsu.

A ƙarshen wata na biyu gwajin kaki bai nuna ƙwayar tari ba, aka koma magani biyu. Abinci ya dawo masa, nauyi ya fara hawa, ya koma kan keken ɗinki da rabin yini. Gaya wa matarsa ne ya fi ba shi wuya, ya ja lokaci, kuma ba mu da hurumin gaya mata a bayansa. Mai ba da shawara ta yi ta zama da shi har ya kawo ta da kansa. Gwajinta bai nuna HIV ba, aka maimaita bayan wata uku, haka ya sake fitowa. An yi musu bayanin kariya har zuwa lokacin da yawan bairos ɗinsa zai sauka. An duba ita da yaran ko akwai tarin fuka, babu, aka ba ƙaramin da bai kai shekara biyar ba maganin rigakafi.

Ya kammala wata shida. An ci gaba da ƙarin dolutegravir na mako biyu bayan daina rifampicin, domin hanta ba ta komawa daidai nan take, sannan aka mayar da shi ƙwaya ɗaya a rana. Gwajin yawan bairos da aka yi bayan wata shida da fara maganin HIV ya nuna ta sauka ƙasa da abin da na'ura ke iya gani. A wannan matsayi, muddin ya ci gaba da shan magani, ba zai sa wa matarsa ba. Maganin kuwa na har abada ne, saboda akwai sel-sel da ƙwayar ta riga ta dasa kanta a cikinsu tun kafin a fara, suna nan kwance, kuma da zarar an daina za ta tashi.

Shagon ne ba mu gama da shi ba. Ɗaki ne ƙarami mai taga ɗaya, sun yi azumi guda cur a ciki suna kwana ɗinki yana tari. An gwada yara biyu daga cikin masu koyon aikin, ɗaya ya nuna tarin fuka, an ɗora shi a kan magani, gwajin HIV ɗinsa bai nuna komai ba. Na ukun ya koma garinsu ta wajen Mashi da faɗuwar damina don noma, kafin a kai ga gwada shi, kuma waɗanda suka zauna da shi sun ce ya tafi yana tari. An aika wa jami'in tarin fuka na ƙaramar hukumarsu takarda, telan kuma ya ɗauki nauyin kiran mahaifin yaron ya kawo shi a karɓi kakinsa.